Allon Kwamfuta da Wuyan Mai Aiki: Awon da Ake Tsallakewa a Shagunan Jalingo

Kalmar allo, wadda Hausawa suka daɗe suna kiran katakon karatun almajiri da ita, ita ce aka ara wa fuskar kwamfuta mai nuna rubutu da hoto, wadda masu sana'ar ke kira monita, sai dai tsakanin allunan biyu akwai bambancin da ya shafi lafiyar jiki wanda ba a cika tsayawa a kansa ba. Allon katako a hannun mai karatu yake, yana jawo shi kusa idan rubutu ya yi ƙanana, yana karkata shi idan rana ta juya, yana jingine shi idan hannu ya gaji, wato allon ne ke bin jiki duk inda jiki ya so. Allon kwamfuta kuwa inda aka ajiye shi nan yake zama, wani lokaci shekara da shekaru, kuma idan mazaunin nasa bai dace ba jikin mutum ne ke lanƙwashewa ya bi shi, wuya ya miƙe gaba, kafaɗu su tattare, ido ya ƙanƙance, mai aikin bai ankara ba sai ciwo ya riga ya zauna. Saboda haka kafa monita da daidaita ƙafarsa aiki ne mai ƙa'ida da awo, kuma nauyin yin sa daidai yana kan wanda ya mallaki wurin aikin kafin ya zama kan yaron da aka zaunar a gabansa.

Batun ya shafi Jalingo kai tsaye saboda yadda aikin kwamfuta ya kutsa cikin rayuwar garin a shekaru talatin da 'yan kai. Tun da aka yanke jihar Taraba daga tsohuwar jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mayar da Jalingo, fadar masarautar Muri, babban birninta, ma'aikatu da ofisoshi suka yawaita, kowannensu yana buƙatar wanda zai buga takarda. Kafa Jami'ar Jihar Taraba a 2008 ya kawo ɗalibai masu neman a buga musu aikin aji da kundin kammala karatu. Hukumar JAMB, mai shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, ta fara gwada jarrabawa a kan kwamfuta a 2013, ta mayar da ita dole ga kowa a 2015, daga 2021 kuma ta wajabta lambar shaidar zama ɗan ƙasa kafin rajista, ita ma hukumar WAEC, mai shirya jarrabawar kammala sakandare, ta shigo sahu a 2024 da jarrabawar ɗalibai masu zaman kansu a kan kwamfuta. Duk waɗannan sauye-sauye a kan mutum ɗaya suke sauka, wato saurayi ko budurwar da ke zaune gaban monita a ɗan shagon buga takardu da rajistar intanet, a unguwannin mazaɓar Kachalla Sembe ko Barade ko Sintali, ko a bakin titin Hammaruwa, daga hantsi har bayan isha'i idan lokacin rajista ya zo.

Wanda ya lura da irin waɗannan shaguna zai ga kusan fasali ɗaya ne ke maimaituwa. Teburin kafinta ne ya yi shi a tsayin da hannunsa ya saba, kimanin santimita 75, tsayin da aka tsara domin rubutu da biro, kujerar kuwa ta roba ce ko benci, ba ta hawa ba ta sauka. Monitan yana can kusurwar tebur, an karkata fuskarsa wajen wanda ya kawo aiki domin ya riƙa ganin sunansa da ranar haihuwarsa yayin da ake shigarwa. Dalilin karkatarwar ba abin rainawa ba ne, domin kuskuren harafi ɗaya a cikin suna yana iya jawo wa ɗalibi zirga-zirgar gyara ta watanni, kuma mai shagon da ke son kowa ya tabbatar da bayanansa da idonsa yana kare amanar sana'arsa ne. Matsalar ita ce wanda ya kawo aiki minti goma zai yi ya tashi, mai buga aikin kuwa zai wuni da ƙirji yana fuskantar madannai, wuya kuma a murɗe yana fuskantar kusurwa, tsokar gefe ɗaya a ɗaure, ta ɗaya gefen a miƙe. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, wadda ake kira OSHA, ta ba da shawarar monita ya tsaya sosai a gaban mai aiki, kada ya kauce hagu ko dama fiye da digiri 35, kuma wannan iyaka ce ta ƙarshe, ga mai wuni yana bugu abin da ya dace shi ne hanci da tsakiyar madannai da tsakiyar allo su zauna a layi ɗaya. Buƙatar mai kawo aiki ana biyan ta ta wata hanya, a zaunar da shi a gefen kafaɗar mai bugu yana kallon inda yake kallo, ko a sami ƙafa mai juyawa a juya masa allon idan an gama shigarwa ya duba a mayar, ko kuma, ga shagon da ya ɗan yi ƙarfi, a haɗa masa ƙaramin monita na biyu mai nuna abu ɗaya.

Dalilin da ya sa 'yan santimitoci ke da wannan tasiri yana cikin ƙirar wuya. Kan babban mutum yana da nauyin kilo 5 ko kusa da haka, kuma idan kunne yana saitin kafaɗa ƙasusuwan gadon baya ne ke ɗauke da nauyin, kamar yadda mai ɗaukar tulu ke tafiya mai nisa ba wahala matuƙar tulun ya zauna sosai a kan gammo, amma da zarar ya ɗan zame gaba sai duk jiki ya shiga kokawar riƙe shi. Idan kai ya sunkuya ko ya miƙe gaba, tsokokin ƙeya ne ke zama igiyar da ke hana shi faɗuwa. Wani likitan ƙashin baya na Amurka, Kenneth Hansraj, ya wallafa lissafi a 2014 da ke nuna cewa nauyin da wuya ke ji yana kaiwa kimanin kilo 12 idan kai ya sunkuya digiri 15, kilo 18 a digiri 30, kilo 27 a digiri 60. Lissafi ne na ƙiyasi da aka yi da na'ura, kuma ciwon wuya yana da dalilai da yawa ban da zama, amma babu mai musun cewa tsokar da aka bari a ɗaure a hali ɗaya na sa'o'i tana gajiya, tana sagewa, tana aika ciwo zuwa kafaɗa da ƙeya da goshi. A nan ne abin takaicin yake, domin ciwon kan da ke tasowa da la'asar sau da yawa akan ɗora shi a kan zazzaɓin cizon sauro ko gajiya kawai, a aika kemis a sayo maganin ciwon jiki, gobe a koma kan kujerar nan a gaban allon nan, ba wanda ya tuhumi tebur.

Tela ba ya yanka yadi sai ya auna mai riga, haka ya kamata a yi wa wurin aiki, kuma akwai fannin ilimi sukutum da ke nazarin daidaita kayan aiki da jikin ma'aikaci. Awon ba daga monita yake farawa ba, daga kujera yake farawa, domin idan aka saita allo ga mutumin da ya zauna ba daidai ba, an tabbatar da kuskuren ne kawai. Tafin ƙafa ya taka ƙasa gaba ɗaya, cinya ta kwanta a miƙe, baya ya jingina, gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai da tsayin madannai ba tare da an ɗaga kafaɗa ba. Idan tebur ya yi tsayi, kamar yadda ya kan yi wa yawancin mata da matasa, sai a ɗaga mazauni da matashi mai tauri, a sa wa ƙafa katako ko bulo ta taka. Bayan wannan ne ake komawa kan allo: gefensa na sama ya zo daidai da ido ko ya ɗan gaza kaɗan, ta yadda tsakiyarsa za ta kasance ƙasa da saitin ido da digiri 15 zuwa 20, domin a hutawarsa ido ƙasa-ƙasa yake kallo. Nisan ya kasance tsakanin santimita 50 zuwa 100, kuma awo mafi sauƙi shi ne mutum ya jingina baya ya miƙa hannu, idan kan yatsunsa sun taɓa gilashin ko sun kusa, an yi daidai. Sai a ɗan kwantar da allon baya digiri 10 zuwa 20 domin fuskarsa ta dubi fuskar mai aiki. Idan a wannan nisa rubutu ya yi ƙanana, maganinsa a ƙara girman rubutun daga saitin kwamfutar zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, domin yawancin miƙa wuya gaba ido ne ke jawo shi yana neman ya gane harafi.

Yawancin monitoci masu araha ƙafarsu ba ta hawa, karkata kawai take yi, kuma takan bar allon ƙasa da inda ya kamata. Bandir ɗaya na farar takarda mai ganye 500, wanda ba ya yankewa a shagon bugu, kaurinsa kimanin santimita 5 ne, don haka ɗaya ko biyu sukan isa a gane tsayin da ake buƙata. Da zarar an gane shi, gara a kai wa kafinta awon ya haɗa ɗan akwatin katako mai faɗin da ya fi gindin monitan ta kowane gefe, domin kwalin da ake ɗorawa a kai yana lotsawa idan ya sha danshin damina, tarin littattafai kuma yana zamewa. Wanda ya haura shekara 40, wanda idonsa ya fara kasa karatun kusa har ya koma tabarau mai hawa biyu, hukuncinsa dabam ne, domin ta ƙasan gilashin yake karatu, idan aka ɗaga masa allo sai ya riƙa ɗaga haɓa yana danne ƙeya. Irin wannan sauke masa allo ake yi, a ƙara kwantar da shi baya. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, tun da allonta da madannanta a haɗe suke, ba ta yadda za a gyara wa wuya ba a ɓata wa hannu ba, sai dai a ɗora ta bisa wani abu a sayo madannai da linzami na dabam idan aikin na wuni ne.

Haske shi ne abu na biyu da fasalin shagunan ke ɓatawa. Shago mai ƙofa ɗaya a buɗe ga titi zaɓi biyu ya kan ba mai shi, ko allo ya fuskanci ƙofa hasken rana ya riƙa faɗowa a kan gilashin yana dusashe rubutu, ko mai aiki ya fuskanci ƙofa idonsa ya riƙa kai-komo tsakanin farin hasken waje da allon da ya fi shi duhu. Dukansu suna gajiyar da ido, kuma mafita ita ce ƙofa ko taga ta kasance a gefen mai aiki, da labule idan rana ta faɗo ta wannan ɓangare. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a kashe monitan a zauna a dubi baƙin gilashin, duk ƙwan lantarki ko farin bango ko bakin ƙofar da ya bayyana a ciki shi ne ke damun ido idan an kunna. Hasken allon kansa a rage shi ko a ƙara har ya yi kusa da na farar takardar da aka riƙe a gefensa, kuma da dare kada a bar ɗaki cikin duhu don tsimin man janareta allon kaɗai yana haska fuska. Likitocin ido na Amurka sun bayyana cewa mutum yana ƙifta ido kimanin sau 15 a minti, amma idan ya ƙura wa allo ido ƙiftawar takan sauka zuwa sau 5 zuwa 7, ruwan da ke jiƙa ƙwayar ido ya bushe, a ji yaji da ƙaiƙayi kamar an watsa yashi. A watannin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iska ke bushewa ƙura ta cika gari, wanda kuma shi ne lokacin da rajistar jarrabawa ta saba kankama, lamarin ya kan tsananta, musamman idan fanka tana hura fuska kai tsaye. Allon da ya yi sama da yawa yana ƙara bushewar domin yana sa a buɗe ido sosai. Shawarar da ta shahara ita ce duk bayan minti 20 a ɗauke ido a dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, kuma tashi zuwa alwala da salla ko miƙa takarda ga mai ita hutu ne na gaske ga wuya da ido wanda bai kamata maigidan shago ya ɗauke shi ɓata lokaci ba.

Ita ƙafar monita, wadda yawanci sassa biyu ce, gindi mai faɗi da ke zama a tebur da wuyan da ke riƙe allon, haɗa ta yana da tsari. Ana yin sa ne babu wayar wuta a jiki, a shimfiɗa tsumma mai laushi a kan teburin da ya fi allon faɗi, a kifa allon a kai, a zura wuyan a gurbinsa har a ji ya kama, a ɗaure sukurun da ke ƙarƙashin gindin, sannan a ɗaga ta riƙe gefuna ko wuyan ba tare da yatsa ya danna fuskar ba, domin fuskar siririya ce, danna ɗaya na iya bar mata tabon da ba ya gyaruwa. Allo mai lanƙwasa ba a kifa shi a tebur, a cikin soson kwalinsa ake barin sa a haɗa ƙafar, babban allo kuma mutum biyu ke ɗaga shi. Ƙafa mai hawa da sauka tana da sifirin a ciki wanda nauyin allon ne ke danne shi, don haka tana iya zabura sama idan aka cire allon ko aka zare makullinta, kuma tazarar da ke tsakanin allo da gindi wuri ne da ke datse yatsa. A bar wa wayoyi rara yadda allon zai hau ya sauka ya juya ba tare da sun ja shi ba.

Sai dai matsalar da ta fi yawa a nan ta monitocin gwanjo ce, waɗanda ke shigowa ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas ko ta titin Beirut a Kano, da yawansu babu ƙafa ko da ƙafar da ba tasu ba. Abin da akan yi shi ne a jingina allon da bango a tokare shi da littafi, ko a rataye shi da waya a jikin ƙusa, ko a ɗaure ƙafar aro da sukurun da aka tsinta a akwatin tarkace, alhali akwai mafita mai sauƙi da aka tanada tun 1997. A wannan shekara ce ƙungiyar masu ƙera kayan nuna hoto mai suna VESA ta fitar da ƙa'idar da ta sa yawancin monitoci ke zuwa da ramuka huɗu a bayansu a jere kamar kusurwoyin murabba'i, tazarar milimita 75 ko 100 tsakanin kowane biyu, waɗanda ke karɓar sukuru mai kaurin milimita 4 da tsawon kimanin milimita 10, kuma tsarin milimita 100 an yi shi ne ga allon da bai wuce kilo 14 ba. Tsawon sukurun nan ba abin wasa ba ne, domin wanda ya fi haka tsawo yana iya zarcewa ya taɓa kayan lantarkin da ke ciki ko ya danno fuskar allon ta baya, gajere kuma ba zai kama ba, ranar da aka bugi tebur allon ya zame. Duk mai walda a Jalingo da ke iya haɗa ƙofar ƙarfe zai iya yanka faranti ya huda masa ramuka huɗu a wannan awo, ya haɗa shi da sanda da gindi mai faɗi da nauyi, kuma da masu walda da kafintocin garin za su koyi waɗannan lambobi biyu, da sun sami sabuwar hanyar ciniki, da allunan da ke jingine da bango sun sami ƙafa mai aminci. Hannun ƙarfe na kanti da ake maƙalawa a bakin tebur shi ma yana aiki, amma sai a duba nauyin da aka rubuta zai ɗauka, kuma ba a maƙala shi a teburin gilashi ko na garin katako da aka matse, wanda ke ruɓewa idan ya sha ruwa.

Tsoffin monitoci masu ƙeya, waɗanda har yanzu ake gani a wasu makarantu da gidaje, haɗarinsu ya fi na kowa. Mai inci 17 nauyinsa ya kan kai kilo 15 ko fiye, yawancin nauyin kuma a gaba yake inda gilashi ya fi kauri, don haka yaron da ya ja waya ko ya dafa bakin tebur yana iya jawo shi kansa. A Amurka hukumar kula da amincin kayan masarufi ta ƙaddamar da gangami a 2015 kan ɗaure talabijin da kayan ɗaki da bango saboda yaran da suke faɗowa a kansu, kuma a gidajenmu inda yara ke rarrafe a ɗakin da ake aiki, tura monita nesa da bakin tebur da ɓoye wayoyinsa wajibi ne. Cikin mai ƙeya akwai ƙarfin lantarki da ya haura bolt 20,000 wanda ke iya saura ko bayan an zare waya, saboda haka ba mai buɗe bayansa sai ƙwararre. Gilashinsa yana ɗauke da dalma, fitilun tsoffin allunan falle kuma suna ɗauke da zaiba, dukansu guba ne, bai dace a fasa su ko a ƙone su a bola don neman tagulla ba.

Wutar lantarki ta Najeriya bolt 230 ce, kan wayar da aka tsara mata kuma mai haƙora uku ne, kuma dogon haƙorin nan na sama shi ne ke kai wuta ƙasa idan ta zubo a jikin na'ura maimakon ta bi ta jikin mutum. Karya shi domin waya ta shiga soket ɗin da bai dace ba, ko cusa tsirarar waya a tokare da tsinken ashana, ganganci ne da rai a ɗakin da ke cike da takarda. A karanta tambarin bayan monita a tabbatar ya rubuta bolt 100 zuwa 240, kuma wanda ke aiki da caja ta waje a ba shi mai ƙarfin da aka rubuta masa, domin wasu bolt 12 suke ci wasu 19, kan cajar yana iya shiga alhali ƙarfin bai dace ba. A kashe na'urori kafin a sauya daga wutar gari zuwa janareta, a zare waya idan hadari ya taso da tsawa, a ɗauke wayar ƙari daga ƙasa inda ruwan damina ke shigowa. Yawancin masu ƙera monita sun iyakance zafin wurin aikinsa a digiri 40, a Maris da Afrilu kuwa zafin Jalingo ya kan kusanci haka a waje, ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka, don haka a bar tazarar kimanin santimita 10 tsakaninsa da bango, kuma ƙyallen da ake rufa masa saboda ƙura sai an kashe shi ya huce. Gogewa da busasshen tsumma mai laushi ko mai ɗan danshi ta isa, ba a fesa ruwa a kan gilashin, ba a kusantar da kananzir.

Wasu ƙasashe sun daɗe da mayar da wannan batu doka. Tarayyar Turai ta fitar da umarni kan aiki da allon kwamfuta a 1990, Birtaniya kuma ta kafa dokarta a 1992, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin duba wurin zaman ma'aikaci, da tsara masa hutu, da biyan kuɗin gwajin ido idan ya nema. A Najeriya dokar masana'antu ta 1987 ta fi karkata ga wuraren da ake aiki da injuna, ƙasar ta amince da yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan lafiyar ma'aikata a 1994, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta wajabta wa masu ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin ɗari na albashi a asusun diyya na hukumar NSITF. Amma yaron shagon da ake sallama da yamma, ko ake biya bisa yawan shafukan da ya buga, babu takardar ɗaukar aiki a hannunsa balle ya nemi diyya, kuma babu jami'in da zai zo ya auna masa tebur. Tun da doka ba ta isa gare shi ba, abin da ya rage masa shi ne adalcin maigidansa, wanda ya karɓi ƙarfin yaro da ƙuruciyarsa amana.

Za a iya cewa mai shagon da ke fama da kuɗin haya da tsadar man fetur tun bayan cire tallafi a 2023 ba shi da halin kujerar ofis mai juyawa da ƙafar monita ta kanti, kuma wannan gaskiya ce. Sai dai kusan duk gyaran da aka ambata ba ya cin komai sai minti talatin da ɗan katako: matsar da allo tsakiya, juya tebur gefen ƙofa, ƙara girman rubutu, sa wa ƙafa abin takawa. Ko ta fuskar ciniki aka duba, mai bugun da idonsa ke yaji da la'asar shi ne ke juya harafi a sunan ɗalibi, allon da ya faɗo daga jingina kuma kuɗinsa ya ninka na faranti da sukuru huɗu sau da yawa.

Makarantu da cibiyoyin jarrabawa su ne suka fi cancantar a matsa musu. Ɗalibin da ke zana jarrabawar JAMB yana amsa tambayoyi 180 cikin sa'o'i biyu, kuma 'yar shekara 16 gajeruwa da dogon saurayi duk a teburi mai tsayi ɗaya ake zaunar da su, wanda kujerarsa ta faɗo saitin taga kuma yana karatu ta cikin ƙyallin rana yayin da na kusa da shi ke gani tar. Jihar da gwamnanta, Agbu Kefas, ya ayyana karatun firamare da sakandare kyauta a 2023, ya kamata duk kwangilar ɗakin kwamfuta da za ta bayar ta ƙunshi tsayin tebur da kujera na yara, da labulen taga, da ƙafar monita mai karkata, da wayar ƙasa a kowane soket, kuma malamin kwamfuta ya koya wa yaro yadda zai zauna a ranar da yake koya masa kunna na'ura, tun da icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga masu shaguna a Kachalla Sembe da sauran unguwannin Jalingo kuwa, kafin cunkoson rajista mai zuwa ya fara, kowa ya zaunar da yaronsa a kujerar aikinsa, ya sa shi ya jingina baya ya miƙa hannu, ya dubi inda idonsa ya sauka a kan allon, sannan ya kira kafinta ya ba shi awon.